Ƙwan da Ya Nutse a Tukunyar Tanoma

Muciyar Yaya Tanoma tana nan jingine a bayan ƙofa. Matacinta yana nan rataye, tukwanenta bakwai suna nan a kife. Mai su ce babu. Ba ciwo ne ya ɗauke ta ba, ba tsufa ba. Gari guda ne ya kore ta, mutum ɗaya kuma ya san gaskiya ya haɗiye.

Ku saurara, na kusa da na nesa, masu karantawa da waɗanda ake karanta wa. Ni ce Kyallu, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Zan faɗa muku ƙasashen da na taka, da abin da na gani, da abin da na yi da na dawo. Ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Garinmu Gaɓar Fako yana can ƙarshen ƙasa ta gabas. Daga ƙofar gari sai farin fakon gishiri, tafiyar kwana tara, ba inuwa ba rijiya. Rake ba ya fita a wurinmu, ƙudan zuma ba ya zama. Duk zaƙin da muka sani daga tsiron dawa yake fitowa. Bayan kaka kowane gida yakan jiƙa dawarsa, ya rufe ta da ganye har ta yi tsiro, ya shanya, ya kai kwando ɗaya gidan mai muciya, ita kuma ta dafa wa gari duka ruwan zaƙi. Wasu su bar nasu ya tashi ya zama burukutu, amma akasari ƙara dafa shi ake yi ya zama maɗi, abin da ke riƙe yara da tsofaffi a watannin yunwa. Shekara goma sha ɗaya Yaya Tanoma tana riƙe da muciyar nan.

Ga yadda ake aikin. A niƙa tsiro, a dama da ruwan sanyi, a bar shi ya kwanta. A tsiyaye ruwan da ya tsaya a kai, wanda muke kira ruwan sama, a zuba a babbar randar gari. A dafa na ƙasa har ya yi kauri kamar kunu, a sauke ya huce kaɗan, sannan a mayar masa da ruwan saman nan a rufe. Kafin rana ta karkata ya tsinke ya yi zaƙi. A tace, a wanke dusa, a sake dafawa. In ya huce, Maigari ya jefa ƙwan zabo a ciki a gaban jama'a. In ƙwai ya taso, zaƙi ya cika.

Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa ake ware ruwan sama. Haka muka gada. Mun kuma gada cewa mai muciya ba ta kusantar randar yayin da take aikin dafa kunu. Randa tana ɗaki a rufe, mai gadi yana ƙofa. Mai gadin shi ne Korau, ƙaton mutum mai baƙin kare da yake kira Ƙyale-su.

A shekarar da nake ba ku labari, kunun bai tsinke ba. Yaya ta juya, ta jira, ta ƙara jira. Da ƙyar ya bi mataci, dusa ta fito da danƙo. Maigari Ranau ya jefa ƙwai, ya tafi ƙasa kai tsaye. Ya karɓi na biyu, ya bi ɗan'uwansa. Kafin na uku ya kai gindin tukunya sai Korau ya ɗaga hannunsa da ke naɗe da tsumma, wai kunama ta harbe shi, ya yi ihu:

"Ta ɓoye tsiron jama'a! Ɗanyar dawa ta cika tukunya da ita! Ɓarauniya!"

Mutanen da suka sha daga hannunta shekara goma sha ɗaya suka amsa masa. Dokarmu ita ce, wadda ta ci amanar tukunya a cika mata gora da abin da ta dafa, a fitar da ita ta ƙofar Fako, kuma ko ta mutu ba ta kwana a makabartar gari. Ruwan zaƙi na ƙwarai yana iya kai mutum ƙetare. Wannan tsararo ba zai kai shi ko rabi ba.

A bakin ƙofa ta damƙe hannuna ta ce, "Kyallu, kar ki bari awaki su cinye dusar nan. Zaƙin yana cikinta. Ban san abin da ya hana shi fitowa ba."

Suka kulle ni kwana bakwai don kada in bi ta. Da suka buɗe na je bayan gida, na tarar da abin da awaki suka rage, na ƙulle tafin hannu biyu a tsumma. Na ɗauki salkar ruwa, da ɗan tulun maɗin bara, da ƙullin barkono, na fita ta ƙofar da ta fita.

A kwana na huɗu na same ta. Tana kwance a kan gefenta, gora a rungume. Ungulu ba ta shiga Fako, gishiri ya lulluɓe ta fari fat, fuskarta ba abin da ya canza. Na zauna a gabanta ban yi kuka ba. Na ce, "Yaya, ki jira ni a nan. Sai na san abin da ya riƙe zaƙinki, sai kin kwanta kusa da Inna, kuma wanda ya jawo miki wannan sai ya sha daga gora irin taki." Na tara gishiri tsibi a gefenta don in gane wurin, na wuce.

Bayan Fako akwai Birnin Maniƙa, garin Samudawa. Tun tafiyar yini nake jin ƙasa tana rawa da gurjin duwatsunsu. Kowane dutsen niƙa ya kai girman masussuka, mace ɗaya ke durƙusawa a kansa, garin da take turowa yana zuba kamar ruwan sama. Babbarsu ana ce mata Uwar Dutse. Ta ɗauke ni da yatsa biyu ta ajiye a tafin hannunta.

"Ke 'yar ƙwaro, me ya kawo ki?"

Na ce, "Iya, ku ne kuka san niƙa. A duba mini dusar nan. Ko tsaki aka bari, shi ya sa zaƙi ya ƙi fita?"

Ta zuba kaɗan a kan farcenta, ta kai kunne tana murzawa. Su da kunne suke gane niƙa. Ta ce, "Hannun da ya niƙa wannan ya iya. Bai bar tsaki ba, bai yi lilis ya toshe mataci ba. Amma tsaya." Ta tsince wani abu baƙi, bai kai ƙwayar wake ba. "Wannan ba ɗan dutsen niƙa ba ne. Dutse ne da ya sha wuta har ya yi ja, ya faɗa ruwan sanyi ya fashe."

Na ɗauka ɓarɓashin murhu ne. Duk da haka na ƙulle shi a bakin zane.

Na yi godiya zan tafi, sai ta yi dariya har gashina ya tashi. "Ina za ki? Wanda ya yi tambaya a nan ya zama namu. Muna son ƙananan hannuwa masu share gari a ƙarƙashin dutse."

Kwana arba'in ina shara a gefen dutsen nan yana wucewa ta kan kaina. Na ga waɗanda suka riga ni, wani ba yatsu, wata ba hannu. Ran na arba'in da ɗaya, ganin Uwar Dutse ta sunkuya sosai, na kwance ƙullin barkonona na watsa shi duka a gaban ɗan dutsenta, na dunƙule cikin wata ƙwarya tasu. Gurji biyu ta yi. Ta ja numfashi, ta ja, ta saki atishawa. Ni da ƙwarya da gari muka tashi sama, muka tsallake ganuwa, ina jin sauran matan suna ta atishawa a baya kamar aradu.

Na faɗo a kan tudun ƙaiƙayi, ashe ƙofar Masarautar Tururuwa ce. Kowace tururuwa ta kai akuya. Suka kai ni gaban sarauniyarsu cikin rumbu mai hawa bakwai. Ba wanda ya kai su sanin ƙwaya, don su ne masu cizge hancin hatsi kada ya tsiro musu a rumbu. Na gaya mata sharrin da aka yi wa Yaya. Ta ce ladanta rabin dusar, na yarda. Suka baje ta ɓawo-ɓawo suna shinshinawa.

Sarauniya ta ce, "Babu ɗanyar ƙwaya ko ɗaya a nan. Kowace ta yi tsiro kwana huɗu, an shanya ta a inuwa yadda ya kamata. Garin yana nan ciki a dafe, bai juya ba. Me ya hana shi juyawa, wannan sai Iya Kuluwa ta Mahaɗar Koguna. Amma ƙamshin me nake ji a jikinki?"

Maɗina suka ji. Na ga ƙahonninsu sun miƙe, sun fara zagaye ni. Na ɗaga tulun na rotsa shi a can ƙuryar rumbu, suka yi kansa har da sarauniyar, ni kuwa na fita da gudu ba guzuri.

Wata guda ina bin kudu, ina cin 'ya'yan itace, har na isa inda koguna biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa gauraya. Ɗaya yana tafasa yana hayaƙi, ɗaya sanyinsa yana sa haƙori ciwo. A tsakaninsu akwai tsiri na ƙasa da bukka ɗaya. Nan na tarar da tsohuwa makauniya tana juya tukunya, gwiwar hannunta ta yi baƙi saboda gwada zafi.

Ta ce, "Na ji tafiyar mai fushi. Zauna, jikata. Faɗa mini aikin tun daga jiƙo, kar ki tsallake komai."

Na fara. Kowace gaɓa sai ta tare ni. "Ruwan wace rijiya? Da kanwa a cikinsa?" Na ce a'a, rijiyar da muka saba ce. "Kunun ya dahu har ya yi bulbul?" Na ce ya dahu. "Ta bar shi ya huce?" Na ce har ta sa yatsa. "An wanke dusa sau nawa?" Na ce sau uku.

"To ruwan sama fa? A hannun wa ya yini?"

"A ɗaki, Iya. Mai gadi yana ƙofa."

"Ban tambaye ki ƙofa ba. Shi mai gadin wa ya tsare shi?"

Sai ta sa na dama tsiro, na tsiyaye ruwan sama a ƙwarya biyu. Ɗaya ta ajiye a inuwa. Ɗaya ta sa na riƙe a cikin kogin zafi har ya tafasa, na bar shi ya huce sarai. Muka raba kunu biyu, kowane da ruwansa. Na inuwa ya tsinke, na ɗanɗana, zaƙin Yaya ne sak. Na tafasasshen ya zauna da kaurinsa, salam, da danƙon nan da na sani.

Ta ce, "Ruwan sama shi ne ma'aikacin. Akwai rai a cikinsa irin na ƙwai. Ɗumin kaza yana tashin ƙwai, tafasa tana kashe shi, kuma ko ya huce ba ya dawowa. Ku kuna ware shi ba ku san dalili ba. Yanzu gaya mini, a garinku me zai kai wuta cikin randa a ɗaki rufe?"

Sai hannuna ya kai bakin zanena, kan baƙin dutsen nan. A Gaɓar Fako in kare ya sa baki a ruwa ba ma zubarwa, ruwa ya fi ƙarfin zubarwa a bakin Fako. Duwatsu ake gasawa su yi ja, a jefa a ciki har ya tafasa, a ce ya tsarkaka. Muna kiransa wankan dutse. Na tuna baƙin kare. Na tuna hannu naɗe da tsumma. Na tuna Yaya ta taɓa ruwan a ranar nan ta ce, "Korau, ya na ji shi da ɗumi?" ya ce rana ce ta bugi ɗakin.

A nan ne na yi kukan da ban yi a Fako ba. Iya Kuluwa ta bar ni na gama, ta ce, "Kin san wanda ya yi. Saura ki iya nunawa. In kika koma da baki kawai, gora za su ba ki." Na zauna wurinta wata biyar ina koyon zafi da gwiwar hannu, har ta daina gyara mini. Ta cika mini tulu da maɗi, na kama hanyar da ta zagaye Samudawa.

Na iso gida bayan kaka. Yunwar bara ta ci yara tara. Kwanduna sun taru a dandali, amma ba macen da ta yarda ta taɓa muciya. Na shiga tsakiyarsu na ɗauka.

Korau ya ce, "Ƙanwar ɓarauniya ce za ta dafa mana? Maigari, a ƙirga kwanduna tukuna!"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙwai ya nutse a ba ni gora, ba sai an ja ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. A raba ruwan sama randa biyu, babba da ƙarama, a ajiye su nan a fili inda kowa ke gani."

Maigari Ranau ya ce ba a taɓa yi ba. Wata tsohuwa da ta binne jikoki biyu ta ce, "Yunwar ma ba a taɓa yin irinta ba. A bar ta." Aka bar ni.

Na dama, na tsiyaye, na ɗora kunu. Da hantsi ya yi na ɗebo ɗan maɗi na shafa a bakin ƙaramar randar, na yi fito. Ƙyale-su ya taho yana kaɗa wutsiya, ya ɗora ƙafafu, ya lashe maɗin, ya zarce da ruwan. Dandali ya ɗauki ihu: "Kare ya sa baki! A yi wankan dutse!"

Na ce, "Gaskiyarku. Aikin mai gadi ne. Bismillah, Korau. Ka riƙe da kyau, kar kunama ta sake harbinka."

Ya dube ni, na dube shi. Ya gasa duwatsu a gaban kowa, ya jefa su ɗaya-ɗaya, suna ƙara suna fashewa har ruwan ya tafasa. Ya huce. Na zuba shi a tukunya ɗaya, na babbar randa a sauran shida.

Kafin la'asar shida sun tsinke, ƙamshinsu ya cika gari. Ta bakwai ta zauna da kaurinta. Na tace, na dafa, suka huce. Maigari ya jefa ƙwai a ta farko, ya yi ƙasa kaɗan ya dawo sama yana lilo. Haka har shida. A ta bakwai ya tafi gindi bai waiwayo ba.

Na juye dusar ta bakwai a faifai, na tsinto baƙaƙen ɓarɓashin dutse. Na kwance bakin zanena na ajiye nawa a gefensu.

"Wannan daga tukunyar yau. Wannan daga dusar Yaya Tanoma. Tsiro ɗaya, hannu ɗaya, wuta ɗaya kuka gani. Dutse ne kawai bambanci. Korau, buɗe tafin hannunka."

Ya ƙi. Samari biyu suka buɗe shi. Tabon ƙuna ne shimfiɗe daga yatsu har wuyan hannu.

Ya faɗi a gaban Maigari. "Gyangyaɗi ya ɗauke ni, kare ya shiga. Al'ada na bi! Kowa a nan da haka zai yi. Wallahi ban san yana kashe zaƙi ba!"

Na ce, "Na yarda ba ka sani ba da safe. Da ƙwai ya nutse fa? Ba ka ce ko dutsena ne ba? Al'ada ce ta ce ka riga kowa kiranta ɓarauniya?"

"Tsoro na ji, Kyallu. Ki dubi Allah."

"Ita ma ta ji tsoro. Kwana huɗu tana jinsa."

Maigari ya sunkuyar da kai ya ce hukunci nawa ne. Na ce da farko a je a ɗauko ta. Muka shiga Fako mu goma sha biyu, har tsibin gishirin da na tara. Na share mata fuska da bakin zanena, na sa Korau ya dube ta. Shi ya ɗauko ta a ka kwana huɗu, ban bar kowa ya karɓe shi ba. Shi ya haƙa kabari kusa da na Inna. Gari duka ya tsaya, Maigari ya faɗa da ƙarfi sau uku cewa Tanoma ba ta ci amanar tukunya ba.

Sannan na ɗauko gorarta, wadda na zare daga hannunta. Tulunan maɗi suna jere, wasu dattawa suna ta kallonsu suna kallona, don da shi mutum yana iya ƙetarewa. Na wuce su. Dama na ajiye ruwan da ya rage a tukunya ta bakwai tun ranar gwajin, ya yi tsami. Da shi na cika gorar har baki, na miƙa masa.

"Kai ka dafa wannan. Abin da doka ta ce ke nan."

Ya fita ta ƙofar gabas. Na tsaya ina kallonsa har farin Fako ya haɗiye shi. Ko ya ƙetare ko bai ƙetare ba, ban aika a dubo ba.

Karen bai bi shi ba. Yana wurina, ina ba shi tuwo, shi ba ya da bakin yi wa kowa sharri. Randa yanzu a fili take kwana da murfi, kuma duk yarinyar da ta zo koyon aiki sai na sa ta tafasa ruwan sama da hannunta ta ga abin da ke faruwa. Shekara shida ke nan ƙwai yana tasowa. Na sassaƙa tawa muciyar, ta Yaya ba mai taɓawa.

Ban ce ku yi wa Korau addu'a ba. Mai so ya yi a ɗakinsa, kar in ji. Tawa ga ta, ku ɗaga hannu ku taya ni. Allah Ka jiƙan Tanoma, Ka shayar da ita abin da ya fi wanda ta shayar da mu zaƙi, Ka sanyaya maƙogwaron da ya bushe a Fako. Ka jiƙan yara taran da yunwa ta ɗauka. Wanda ya san gaskiya ya bar marar laifi ya tafi da gora, Allah kar Ka bar shi ya mutu sai ya ɗanɗana abin da ke cikinta. Ku ce amin.